Yadda ake sauraron kiɗan Beethoven ba tare da gyangyaɗi ba

Mutum huɗu na taɓa kunna wa kiɗan Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa. Uku sun fara gyangyaɗi kafin minti goma, na huɗun kuma ya dube ni ya ce, "Malam, wai yaushe mawaƙin zai shigo ne?" Ban ga laifinsa ba. Kunnenmu ya saba da mawaƙi da 'yan amshi, baki ne ke gaya mana wanda ake wasawa. Wannan kiɗa kuwa babu baki a cikinsa, saboda haka kai za ka zo da labarin.

Da farko ka zaɓi kiɗa ɗaya tak. Ka rabu da tarin nan na YouTube da ake yanko minti uku-uku daga ko'ina a haɗa. Ni dai da simfoni na 3 ake farawa, wanda ake kira Eroica. Simfoni dogon kiɗa ne da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa tare. Kashi huɗu ne, kusan minti 50. Ka sauke muryar kawai da datar dare, bidiyon cin kuɗi ne, ga talla da ke faɗo maka a tsakiya. Kuma ka sa iyafis, don sifikar waya tana haɗiye duk ƙananan sautuka.

Kafin ka kunna, ka riƙe shekaru biyu a ka. Ta farko 1802. Beethoven, haifaffen Bonn a Jamus, yana zaune a Vienna, babban birnin Ostiriya, bai cika shekara 32 ba, ga kunnensa yana mutuwa. A watan Oktoba, daga ƙauyen Heiligenstadt, ya rubuta wa ƙannensa biyu wasiƙa yana bayyana kunyar da kurumta ke jawo masa a cikin mutane, har ya ce saura kaɗan ya kashe kansa, sana'arsa ce ta riƙe shi. Bai aika ba, sai bayan mutuwarsa a 1827 aka tsince ta cikin takardunsa. Shekarar da ta biyo bayan wasiƙar ya duƙufa kan wannan simfoni.

Ta biyu 1804. Ya so ya sa wa kiɗan sunan Napoleon Bonaparte, don yana masa kallon mai ƙwato wa talaka 'yanci. A watan Mayu aka ayyana Napoleon sarkin sarakunan Faransa. Beethoven ya kankare sunan da ƙarfin da har takardar ta huje, kuma tana nan ajiye a Vienna. Daga baya ya sadaukar da kiɗan ga Yarima Lobkowitz, ubangidan da ke sakin kuɗi. Wanda ya san makaɗan fada ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

To, ga inda ni na ɓata wata guda. Da na ji labarin Napoleon, sai na zauna ina farautarsa cikin kowane sauti: nan dawakai ne, nan igwa ce, nan ya hau karaga. Kiɗan ya wuce ni ban ji komai ba, don ina ta fassara. Ka karanta labarin sau ɗaya, ka rufe, sannan ka kunna. Kuma ba kowane labari ake haɗiya ba. Ka tambayi wa ya faɗa. Zancen nan da ake yawan yi cewa farkon simfoni na 5 ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, daga bakin sakataren Beethoven, Anton Schindler, ya fito, mutumin da aka gano ya yi cushe a littattafan da ake rubuta wa Beethoven magana bayan ya kurmance. Sunan "hasken wata" da ake kiran wani kiɗansa na fiyano ma ba Beethoven ya raɗa ba. Wasiƙar 1802 da takardar da ta huje kuwa ido na iya ganinsu, shi ya sa na fi dogara da su.

Yanzu sauraro. Ka tsallake kashi na farko, ka fara da na biyu, kiɗan rakiyar gawa. Masana za su yi tsaki, ba komai. Tafiyarsa a hankali take, goge ke fara ɗaukar karin, sai wata 'yar sarewa mai murya kamar algaita ta karɓa. Ka bi wannan karin kaɗai, ka lura da yadda yake kakkaryewa a ƙarshe. Sau uku, a ranaku daban-daban.

Sannan ka koma kashi na farko. Bugu biyu masu ƙarfi ke buɗe shi, kada ka ƙure murya. Can wajen kashi biyu bisa uku, ƙaho zai shigo da karin farko kamar ya riga kowa. Ɗalibin Beethoven, Ferdinand Ries, ya zaci kuskure ne ranar gwaji har ya yi magana, ya kusa shan mari, alhali haka aka rubuta.

Na uku gajere ne, gudu kawai. Na huɗu kari ɗaya ne ake ta jujjuyawa. Idan ka haɗa huɗun a zama ɗaya, sai ka nemi simfoni na 9, na 1824. Can akwai mawaƙa, amma sai a kashi na ƙarshe, bayan ka jira fiye da minti 40.