Kafin ka kai yaranka gasar kimiyya ta yanki

Fiziks nake koyarwa a wata sakandare a arewacin Ghana, kuma ni aka ɗora wa shirya yaranmu don gasar kimiyya da lissafi da kowa ke kira NSMQ, wadda kamfanin Primetime ya fara a 1993. Abin da jama'a ke kallo a talabijin, Farfesa Elsie Effah Kaufmann tana jefa tambayoyi, ƙarshen tafiyar ke nan. Makarantar da ba ta kai kwata fainal a gasar ƙasa bara ba, sai ta fara tsallake gasar yanki. A nan irinmu muke, Malam.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Sanarwa ta ofishin hedimasta take biyowa, don haka ka riƙa leƙawa, kada ta kwana a ƙarƙashin fayil. Ka karanta ƙa'idojin shekarar da kanka, ka rubuta sunayen yara yadda suke a rajista, ka kashe maganar kuɗin mota da abinci tun da wuri. In akwai yarinya a cikinsu, kada ka aika takarda gida. Ka taka da ƙafarka ka gaida mahaifinta, ka faɗa masa ranar tafiya da malamar da za ta raka su. Wanda ya yi maka gardama, ka tuna masa cewa a 2021 yarinya ce, Francisca Lamini, ta zauna wa makarantar Keta a wasan ƙarshe a Kumasi.

Zaɓen yara shi ne aikin. Biyu ne ke zama gaban ƙararrawa, na uku yana jiran canji, darussa kuma huɗu ne: fiziks, kemistiri, bayoloji da lissafi. Shekarar da na fara, na ɗauki na ɗaya da na biyu a aji, ina ganin na gama dabara. Ashe duka biyun lissafi ne a jininsu. Da aka jefo tambaya kan aikin ƙoda, wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli silin, ni kuma ina kujerar baya gumi ya jiƙa mini riga. Tun daga ranar nake haɗa mai lissafi da fiziks da wanda ya haddace bayoloji da kemistiri. Kuma ba da jarrabawar takarda nake tace su ba. Ina karanta tambaya da baki, sau ɗaya, agogo a hannuna. Akwai yaron da zai cinye maki duka a takarda, amma da ya ji shiru a ɗaki ana jiransa, sai bakinsa ya mutu.

Sai ka koya musu lissafin makin kansa, don yawancin faɗuwa daga nan take. A gasar ƙasa zagaye biyar ne. Na farko tambayoyi ne bi da bi, maki 3 kowace. Na biyu rige-rige ne, wanda ya riga kaɗa ƙararrawa shi ke amsawa, in ya kuskure a zabge masa maki 1. Na uku matsala ɗaya ce mai maki 10 a cikin minti 4. Na huɗu gaskiya ko ƙarya: ka dace ka samu 2, ka kuskure ka rasa 1. Na biyar wasa ƙwaƙwalwa, ana ba da alamu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gane tun a ta farko ya kwashi 5, a ta biyu 4, daga nan sai 3.

Saboda zagaye na biyu na sayi ƙararrawar keke guda uku, na ɗaure su a tebura. Kowace Asabar bayan azahar nakan raba yara gida uku su kara, kuma duk wanda ya kaɗa kafin ya san amsa, a kan allo nake zabge masa makin, kowa na gani. Garaje ya fi jahilci kashe ƙungiya. A matsalar minti 4 kuwa, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya bi bayansa yana duba ma'auni, kuma su bayyana matakan aikinsu, ba amsa tsirara ba.

Kada ka tsaya kan 'yan ajin ƙarshe kaɗai. Jarrabawar kammala sakandare, WASSCE, na gabansu, kuma baɗi babu su. Ka ja 'yan aji biyu su zauna a kowane atisaye, ko da riƙe agogo ne aikinsu. Tsofaffin wasannin suna YouTube. Ka kunna, ka tsayar kafin a ba da amsa, su amsa da Turanci da ƙarfi, tunda da shi za a tambaye su.

Ana gobe gasa ba na barin kowa ya buɗe littafi bayan isha'i. Da safe koko da ƙosai, katin makaranta a aljihu, biro biyu kowa, mu isa zauren kafin a gama jera kujeru, yaran su zauna su saba da wurin.