Kurakuran da masu sanƙo suka fi yi, daga kujerar aski zuwa kwalbar magani

Da zarar namiji ya lura gashin gabansa ya fara ja da baya, ko tsakiyar kansa ta fara sheƙi idan haske ya buga, abin da yake fara gaya wa mai aski shi ne, "Rage gefe kaɗan, amma kar ka taɓa saman." Nufinsa ɗan abin da ya rage ya yi tsawo ya rufe inda ya yi fili. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi tona abin da ake son ɓoyewa. Gashin gefe da na ƙeya yana nan da kaurinsa da baƙinsa. Idan aka bar shi ya taru, sai ya zama kamar katangar da ta kewaye fili, duk wanda ya kalla filin zai fara gani. Na sama kuwa ya riga ya sirance, tsawo ba ya ƙara masa cika, sai dai ya rarrabu, fata ta riƙa leƙowa ta tsakaninsa.

Gyaran shi ne a sauke gashin gaba ɗaya, gefe ya fi sama gajarta. Ɗan kum ɗin robar da ake maƙala wa bakin injin aski yana da lamba: lamba 1 tana barin gashi kusan milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan 10. Wanda gashinsa ya fara sirancewa ne kawai, lamba 2 a sama da lamba 1 a gefe sun ishe shi, a haɗe su a hankali yadda ba za a ga inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta tashi ba. Wanda tsakiyar kansa ta riga ta buɗe, lamba 1 ko'ina, ko ma a cire kum ɗin a bi da bakin inji. Idan kana jin tsoron canjin, ka fara da babbar lamba ka sauko a aski na gaba. Gashi yana tsirowa kusan santimita 1 a wata, saboda haka in askin bai yi maka ba, mako biyu zuwa uku ya gyara kansa. Wannan saurin ne kuma ya sa gajeren aski yake son a riƙa binsa duk mako ko mako biyu, domin gefen yana rigan sama cika, bambancin ya dawo.

Sai maganar layin goshi, inda nake ganin ake cutar mutane ba tare da sun sani ba. Mai aski yana son aikinsa ya fito da kaifi, sai ya sa reza ya miƙe layi a goshin da ya riga ya ci baya ta kusurwa biyu. Ba zai iya miƙe shi ba sai ya aske lafiyayyen gashin da ke tsakiya ya koma daidai da kusurwoyin. Yau ya tura kaɗan, wani mako ya ƙara kaɗan, kafin ka farga goshinka ya ƙaru da faɗin yatsa, ba sanƙo ne ya ci wurin ba, reza ce. Ka gaya masa tun kafin ya ɗora hannu: "Bi layin yadda yake, share gefensa kawai." Baƙin fenti ko feshin da ake zana layi da shi ma ba na ba da shawararsa. A hoto yana da kyau, a gaban mutum kuwa ana gane shi, kuma zufa tana tona shi.

Wasu kuma da sun yanke shawarar rabuwa da gashin sai su wuce gona da iri, su riƙa aske kai tas da reza kullum, suna bi ta inda gashi ya kwanta da ta inda bai kwanta ba. Ga mai gashi mai murɗewa wannan haɗari ne. Silin da aka yanke ƙasa da fata yana lanƙwashewa ya soki fatar ta ciki, ƙuraje su feso, musamman a ƙeya. Idan aka ci gaba da bi ta kansu da reza, suna iya taurarewa su zama tabo mai tudu, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa. Kai, mutum ya gudu daga sanƙon gaba ya jawo wa kansa na baya! In fatarka mai ƙuraje ce, ka tsaya a kan inji, ka bar ɗan tsiro, ka tabbatar an tsabtace bakin injin kafin ya hau kanka. Idan ƙurajen ƙeya sun fara tauri ko suna ruwa, a dakatar da askin wurin a ga likitan fata. Kan da aka aske kuma yana ƙonewa a rana, a rufe shi.

Wannan ya kawo mu ga hula, wadda ake ɗora wa laifin da ba nata ba. Hula ba ta kawo sanƙo, haka yawan wanke kai, haka yawan aski. Tushen gashi daga jini yake samun abincinsa da iskarsa, ba daga waje ba. Abin da ke faruwa shi ne jiki yana juya wani kaso na sinadarin maza, testosterone, zuwa wani mai suna DHT. A kan mutumin da ya gaji halin, tushen gashin goshi da na tsakiyar kai ba sa jure wannan sinadari. Duk lokacin da sili ya faɗi wani ya maye shi, sabon yakan fito siriri, gajere, mara launi fiye da na baya, har a wayi gari abin da ke fitowa bai kai a gan shi ba. Tushen gefe da na ƙeya ba ruwansu da DHT, shi ya sa suke tsira, kuma shi ya sa daga nan ake ɗebo gashi idan za a yi dashe. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa kafin balaga ba sa yin sanƙo. Amma kada a ɗauka mai sanƙo ya fi sauran maza yawan sinadarin. Raunin tushen gashinsa ne ya bambanta shi.

Ana yawan cewa ka dubi kawunka, wato ɗan'uwan mahaifiyarka, ka san makomar kanka. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki ta wajen uwa namiji yake samunta. Sai dai ƙwayoyin suna da yawa, suna zuwa ta ɓangaren uwa da na uba. Batun cewa aski yana sa gashi ya dawo da kauri kuwa, wata masaniya 'yar Amurka, Mildred Trotter, ta gwada shi tun 1928 ba ta ga wani canji ba. Bakin silin da aka datse ne yake da kaushi a hannu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ɓata shekaru a kan mayuka da haɗe-haɗen da ake tallatawa a intanet, alhali lokacin da magani zai yi amfani yana wucewa. Magunguna biyu ne aka daɗe da tabbatar da aikinsu. Minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a shafa shi a kai a 1988. Finasteride kuma ƙwaya ce mai rage DHT, an amince da ita don sanƙon maza a 1997. Dukansu sun fi ƙarfi wajen riƙe gashin da ke raye da kaurara wanda ya sirance. Wurin da ya shekara da shekaru yana santsi, da wuya su tayar da shi.

Masu fara su ma suna da nasu kuskuren: gaggawa. A makonnin farko na minoxidil zubar gashi takan ƙaru na ɗan lokaci, sai mutum ya tsorata ya jefar da kwalbar. Ana bukatar wata uku zuwa shida kafin a ga alama, shekara guda kafin a yanke hukunci, kuma ranar da aka daina, abin da aka samu yana komawa cikin 'yan watanni. Finasteride ba abin saya a sha da ka ba ne. Kaɗan daga cikin masu shanta suna samun raguwar sha'awa ko raunin mazakuta, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da ta fashe. A zauna da likita tukuna. Wanda ya ji duk wannan ya ce shi gajeren askinsa ya ishe shi, bai yi kuskure ba ko kaɗan, sanƙon gado ba ya cutar da lafiyar kai.

Amma ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba, kuma a nan aski yana iya rufe abin da ya kamata a duba. Sanƙon gado a hankali yake tafiya, cikin shekaru, ba ƙaiƙayi ba ciwo, daga kusurwoyin goshi ko tsakiyar kai. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ce. Idan kuwa ka ga wuri ya share zagaye kamar kwabo cikin 'yan kwanaki, ko fata tana ɓarewa da ƙaiƙayi irin na makero, ko gashi yana zuba ta ko'ina wata biyu zuwa uku bayan zazzaɓi mai zafi ko tiyata, wannan wani abu ne daban, kuma yawancinsu suna warkewa idan aka gano dalili. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da ciwon maƙoƙo ma suna zubar da gashi, gwajin jini ne yake nuna su. Kafin ka je asibiti, ka sa a ɗauki hoton goshinka da na tsakiyar kanka a wuri mai haske, ka riƙa maimaitawa duk wata uku da tsawon gashi iri ɗaya, domin likita ya ga saurin da abin yake tafiya.