Yadda Ake Gwada Aikin Tantanin Ƙwayar Halitta da Dankali da Gishiri

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai kai nanomita 10 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, an dasa furotin a jikinta nan da can, kamar ƙofofin ganuwar Zazzau. Oksijin yana ratsa maiƙon kai tsaye, ruwa yana da ƙofofinsa, gishiri kuwa da ƙyar yake wucewa. Don haka ruwan ne ke tafiya, daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Wannan tafiyar ake kira osmosis, kuma ana ganinta ba sai da madubin likita ba.

A sayo dankalin Turawa babba guda ɗaya mai tauri. In za a zaɓa a kasuwar Sabon Gari ko Samaru, a latsa shi. Wanda ya yi yaushi ya riga ya rasa ruwa, zai ɓata lissafi. Sai reza, rula, kofuna uku da fiya wata leda biyu.

A fere dankalin tas, domin ɓawo yana tare ruwa. A yanka sanduna uku daga jikinsa, tsawon kowanne santimita 5, kauri da faɗi santimita 1. A tafasa guda ɗaya na minti biyar, a bar shi ya huce.

A narkar da gishiri ƙaramin cokali biyar, a shafe, cikin leda ɗaya, wato rabin lita. Ƙarfinsa zai kai wajen kashi 5 cikin 100. A raba shi kofi biyu, a zuba ruwa zalla a na uku. Ɗanyen sanda ɗaya ya shiga ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri, dafaffen ya shiga ragowar kofin. A tabbata sun nutse, a jira awa ɗaya.

Na ruwa zalla zai yi ƙarfi har ya ƙi lanƙwasa: ruwa ya shiga, ƙwayoyin sun cika, bangonsu mai tauri na selulos, wanda ke kewaye da tantanin, ya hana su fashewa. Na gishiri zai yi laushi ya ɗan gajarce. Bambancin tsawon milimita kaɗan ne, shi ya sa sikeli ya fi rula amfani, muddin an tsane sandar da tsumma kafin awo.

Dafaffen shi ne ɗalibai ke rainawa, alhali shi ke ɗauke da hujjar. Tsawonsa ba zai canza sosai ba, saboda zafi ya lalata tantanin, ruwa da gishiri suna shiga da fita ba mai tace su.

Lokacin hunturu kada a bar sandunan a fili, iskar nan tana busar da su kafin a gama haɗa ruwan. A yanka, a auna, a jefa nan take, a rufe bakin kofunan.