Yadda ake tayar da manhajar da Windows ya toshe saboda tsaro

Ka sauke manhaja, ka danna ta sau biyu, sai wani akwati ya fito ya ce ba za ta tashi ba. Abin da mutane da yawa ke yi nan take shi ne su kashe antibairos gaba ɗaya. Kada ka yi haka. Windows 10 da 11 suna da masu gadi fiye da ɗaya, kuma sau da yawa wanda ka kashe ba shi ne ya tare manhajar ba. Fara da karanta saƙon, ka kuma lura da launin akwatin.

Mataki na farko, tantance fayil ɗin kansa. Danna shi da maɓallin dama na maus, zaɓi Properties, ka duba ko akwai shafin Digital Signatures. Idan akwai, zaɓi sunan kamfanin, danna Details, ka nemi jimlar "This digital signature is OK". Wannan sa hannu shi ne shaidar cewa ba a taɓa fayil ɗin ba tun da ya bar hannun masu shi. Idan babu, ɗora shi a shafin VirusTotal, wanda ke karɓar fayil har megabait 650, ya gwada shi da antibairos sama da 60. Guda ɗaya ko biyu su yi ƙorafi, yana iya zama kuskure. Goma ko ashirin su yi, goge shi kawai. Kuma kada ka ɗora takardun sirri a can, domin masu bincike na iya ganin abin da aka ɗora.

Idan akwatin shuɗi ne mai cewa "Windows protected your PC", SmartScreen ne, mai gadin Windows da ke tantance abin da aka sauke daga intanet. Ba wai ya ga ƙwayar cuta ba ne, bai dai san manhajar ba, ko don sabuwa ce ko don ba ta da sa hannu. Danna More info, sunan fayil da na mai shi za su bayyana, sannan Run anyway.

Ta yaya Windows ya san manhajar daga intanet ta fito? Duk fayil ɗin da burauza ta sauke, ana liƙa masa wata ɓoyayyar alama mai suna Zone.Identifier. Don cire ta, koma Properties, a ƙasan shafin General akwai ƙaramin akwati mai suna Unblock; yi masa alama, danna Apply. Ga inda ake yawan tuntuɓe: idan manhajar a cikin ZIP take, wato fayil ɗin da aka matse wasu fayiloli a cikinsa, cire alamar daga ZIP ɗin tukuna kafin ka warware shi. In ka fara warwarewa, alamar za ta bi kowane fayil da ke ciki, sai manhajar ta buɗe rabi ta tsaya saboda an toshe wani DLL nata, wato ɗaya daga cikin fayilolin da take aiki da su. Idan an riga an warware, buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar ka rubuta:

Get-ChildItem -Recurse | Unblock-File

A kula, filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT ba ya riƙe wannan alama. Manhajar da aka kwafo maka a filashi daga shagon gyara za ta iya tashi shiru babu gargaɗi, kuma shirun nan ba shaidar lafiyarta ba ne.

Wani lokaci babu akwati ma, fayil ɗin ne zai ɓace, ko gajeriyar hanyar da ke kan allo ta ce ba ta same shi ba. Wannan aikin Microsoft Defender ne, antibairos ɗin da ke zuwa tare da Windows, ya killace shi. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, sannan Protection history. Danna abin da aka kama ka karanta sunan da aka ba shi. Idan ka tabbatar kuskure ne, zaɓi Restore a ƙarƙashin Actions, sannan ka sa foldar manhajar ita kaɗai cikin Exclusions, jerin wuraren da Defender ba ya bincika. Kada ka sa Downloads ko faifan C gaba ɗaya, wannan daidai yake da cire ƙyauren gida. Idan kuwa sunan ya ƙunshi HackTool ko Trojan kuma manhajar fasasshiya ce, wato wadda aka fasa lasisinta, Defender bai yi kuskure ba.

Jan akwati mai cewa "This app has been blocked for your protection" ya fi tsanani. Yawanci an soke takardar shaidar da mai manhajar ya sa mata hannu da ita ne, kuma ana yawan ganinsa a tsofaffin faifan firinta da modem. Akwai dabarun zagaye shi, amma ba mu ba da shawararsu ba. Je shafin kamfanin ka sauke sabon nau'i. In kwamfutar ofis ce kuma saƙon ya ambaci system administrator, ƙa'idar wurin aiki ce, sai ka nemi mai kula da kwamfutocin.

A Windows 11, tun daga 22H2, akwai wani mai gadin, Smart App Control, mai toshe manhajar da bai amince da ita ba, a ƙarƙashin App & browser control. Shi ba ya da maɓallin yafe wa manhaja guda. A nau'o'insa na farko, in ka kashe shi ba ya sake kunnuwa sai an sake ɗora Windows, don haka nemi nau'in manhajar mai sa hannu kafin ka taɓa shi.

Sai agogo, wanda aka fi mantawa da shi, musamman a kwamfutocin da aka saya na hannu. Manhajar da ke duba lasisinta ta intanet za ta ƙi tashi da ƙorafin certificate (takardar shaidar shafin intanet) ko SSL idan kwanan watan kwamfutar ya koma shekarun baya, domin a lissafinta lokacin takardar shaidar bai ma fara ba. Shiga Settings, Time & language, Date & time, zaɓi yankin West Central Africa idan a Najeriya ko Nijar kake, ka danna Sync now. Idan kwanan watan yana sake rikicewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin CMOS ne ya mutu, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta. A kwamfutar tebur CR2032 ne, mai bolt 3, faɗinsa kamar kwabo, yana zaune a kan madabod. Zare wayar wuta, ture ƙaramin ƙarfen da ke riƙe shi, sa sabo da alamar + tana kallon sama, sannan ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka saita kwanan wata. A laftof da yawa batirin a naɗe yake da roba, da siririyar waya mai soket, don haka tafi kasuwa da tsohon batirin a ba ka irinsa.