Yadda za ka auna tsadar wuta da ɓarnar zafi: lissafin mai gyaran mukayyif a Makka

Sana'ata gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma yawancin gidajen da nake shiga na mutanenmu ne na Shara Mansur da Misfala. Gardama ɗaya nake tararwa ko'ina. Wani ya ce maganar ɗumamar yanayi dabara ce ta tsauwala wa talaka kuɗin wuta da fetur, wani ya ce ai ko makaho ya san zafin yanzu ya fi na da. Kowa da gaskiyarsa, amma ba mai ɗaukar biro. Ga yadda ni nake lissafin.

Ka raba takarda gida biyu, hagu na tsadar wuta, dama na ɓarnar zafi. Ka fara da faturar wutarka, wato takardar kuɗin wuta. Kafin Janairun 2018, kilowat 2,000 na farko a wata halala 5 ake biyan kowanne (halala 100 ne riyal ɗaya). Daga nan aka mayar da shi halala 18 har zuwa kilowat 6,000, abin da ya haura kuma halala 30. A 2020 harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari. Fetur mai lamba 91 ya tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.37 a 2018, tun 2021 kuma yana kan 2.18. Asalin ƙarin don rage tallafi ne bayan faɗuwar farashin mai, ba don yanayi ba. Amma duk manufar rage hayaƙi ta wannan ƙofar take shigo wa talaka, don haka ma'auni ne mai kyau.

Sai ka duba farantin da ke jikin na'urarka. A ce tsohuwar ta taga ce mai cin kilowat 2, kana kunna ta awa 12 kullum. A wata ta ci 720. Da can riyal 36 ke nan, yanzu kusan 130, da haraji ya doshi 150. Ɗaki ɗaya fa. Ka rubuta wannan a hagu.

Ɓangaren dama shi ne mai wuya, don zafi ba ya aiko da fatura. Kai za ka nemo ta. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. In kai ɗan aikin gini ne da ake biya da yini, ko mai tura keken tsofaffi, ko 'yar talla a bakin hanya, ka ƙiyasta abin da waɗannan awoyi suke ci maka. Ka haɗa da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti in yaro ya galabaita, da abincin da ya lalace, da kuɗina ni kaina, don kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya na'urar, ta fi ƙonewa a Yuli da Agusta.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin riyal. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma kuma ta ce alhazai 1,301 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Amma a nan ka riƙe adalci: kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji, sun yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Kada ka ɗora wa ɗumamar duniya duka. Makka dama garin zafi ce tun fil azal. Abin da ɗumamar take yi shi ne ƙari a kan abin da ya riga ya kai maƙura, kamar a ɗora wa jakin da ya durƙusa wani buhu. Shekarar 2024 ita ce ta farko da ƙarin zafin duniya, in aka kwatanta da na kafin zamanin masana'antu, ya haura digiri 1.5 da aka ambata a yarjejeniyar Faris ta 2015.

Tambaya ta gaba ita mutane suka fi tsallakewa: wa zai biya, yaushe kuma amfanin zai zo? Da aka ƙara farashi, an buɗe wa 'yan ƙasa Hisabul Muwaɗin, wato asusun tallafin kuɗi na gwamnati, don rage musu raɗaɗi. Mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ba ya ciki, shi yake ɗaukar ƙarin gaba ɗaya. Sannan tsadar a wannan watan take, sauƙin zafin kuwa sai jikoki, shi ma sai in Sin da Amurka da Indiya sun rage nasu. Saudiyya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060, ta kuma kafa tashoshin hasken rana irin na Sakaka da Sudair. Duk da haka ƙasar mai ce, in duniya ta rage saye, aikin baƙo ne zai fara tafiya. Wanda ya ce maka manufar yanayi kyauta ce, bai taɓa biyan haya a Makka ba.

Shi ya sa nake raba matakan gida biyu. Wanda yake rage hayaƙi kuma yake rage fatura, yi shi yau ba sai an gama gardama ba. Ka wanke matatar na'ura duk mako biyu, ƙurar garin nan ba ta wasa. Ka toshe gefen taga. Ka bar na'urar a digiri 24, don sa ta a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfiresa hutu kawai yake yi.

Wanda yake buƙatar zuba kuɗi kuwa, sai da biro. Wani dattijo ya tambaye ni ko ya sayi sabuwa mai inbata, irin wadda ke rage cin wuta. Na ce, "Baba, a duba takardar nan mai launuka da ke manne a jikinta, an rubuta abin da take ci a shekara." In ta rage kashi ɗaya cikin uku na riyal 150, hamsin ke nan a wata. Ka ninka da watannin da kake kunnawa, ka raba kuɗin sabuwar da abin da ya fito, ka ga shekara nawa za ta mayar da kuɗinta. In gidan haya ne kuma ba ka da tabbacin sabunta igama, ka nemi mai gida ya cire rabin kuɗin daga haya, a kuma rubuta a takarda wa zai tafi da na'urar ranar tashi.