Darasi na 9: Baki da Abin da Zuciya Ta Tara

Ga malamin aji: ka karanta kashi na farko da murya sau ɗaya, ɗalibai suna bi da yatsa. Daga nan a raba sakin layi, kowa ya karanta nasa. Wanda ya yi tuntuɓe a kan kalma a ba shi lokaci, kada a ƙwace masa.

Karatu

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwar Farin Gada ta Jos ya san yadda ake jera kwando. Manya-manya, jajaye masu sheƙi, su ake ɗorawa a sama. Na ƙasa kuwa sai an juye. In ɗan dako ya yi tuntuɓe kwandon ya kife, a nan mai saye yake ganin abin da ya ba da kuɗinsa a kai. Maganar mutum ma haka take. Ranar Lahadi a ƙofar coci kowa ya iya cewa "Salama", kowa ya iya "Ubangiji ya sa albarka". Wannan jerin sama ne. Amma bari mai Keke ya watsa maka ruwan kwata a kan farin kaya wajen Gada Biyu, ko yaro ya zubar da man ja na ƙarshe a gida. Abin da ya fito daga bakinka a lokacin, ba a lokacin aka yi shi ba. Yana nan a ajiye tun tuni.

Yesu ya faɗi wannan a Matiyu 12:34. An kawo masa wani mutum mai aljan, makaho, bebe kuma, ya warkar da shi. Jama'a suna mamaki, sai Farisiyawa suka ce ai da ikon sarkin aljannu yake fitar da aljannu. Duba fa, abin alheri suka gani da idonsu, amma mugun abu ya fito daga bakinsu. Yesu bai ce musu su koyi ladabin magana ba. Ya ce abin da ya cika zuciya, shi baki yake faɗa. A aya ta 36 ya ƙara da cewa a ranar shari'a mutane za su ba da lissafin kowace maganar banza da suka yi. Luka ma ya rubuta irin wannan koyarwa a 6:45.

Mu kuwa mun saba da wanke kanmu. "Suɓutar baki ce." "Ba haka nake nufi ba." "Shaiɗan ne ya shiga tsakani." Gaskiya Shaiɗan yana aikinsa, amma yana shan zargin da ba nasa ba ne a gidajenmu. Baki ba ya suɓucewa da abin da babu shi a ciki. Matar da ta ce wa mijinta a cikin fushi, "Da ma ban aure ka ba," ta daɗe tana juya maganar a ranta. Fushin ƙofa kawai ya buɗe. A Markus sura 7, da aka zargi almajirai cewa suna cin abinci ba su wanke hannu bisa al'ada ba, Yesu ya ce abin da yake ƙazantar da mutum daga ciki yake fitowa. Ya lissafa su daga aya ta 21, a cikinsu akwai ha'inci, da hassada, da ɓata suna, da girman kai. Yawancin waɗannan ta baki suke bi su fita.

Hira bayan taron Zumuntar Mata

Mutum biyu su tashi su karanta wannan. Ɗaya ta zama dattijuwa, ɗaya ta zama matashiya. Misali ne, ba labarin wata ba ne, kada kowa ya waiga ya kalli maƙwabciyarsa.

"Mama, ina wuni? Ina so in yi magana da ke."

"Lafiya lau, 'yata. Zauna. Me ya faru?"

"Ni da matar wan mijina ce, Mama. Na yi alkawari gaban Ubangiji ba zan ƙara tanka mata ba. Na kama bakina, ko ta yi habaici sai in shige ɗaki. Shekaranjiya kawai ta taɓa bokitina a bakin famfo, ban san lokacin da na wanke ta tas ba. Har iyayenta na ambata."

"To, da kike shigewa ɗaki, me kike yi a ciki?"

"Ba komai, Mama. Zama kawai."

"A'a, 'yata. Faɗa mini gaskiya."

"Ina ba ta amsa a zuciyata."

"Yauwa. Ashe ba shiru kika yi ba, tarawa kike yi. Bokiti ba shi da laifi. Tun yaushe abin yake cin ki?"

"Tun lokacin da na yi ɓari, ta ce wai son jiki ne ya jawo mini."

"Ayya, sannu. Wannan magana ce mai ciwo, ba kuwa daidai ta yi ba. A nan za mu fara addu'a, ba a bakin famfo ba."

A tsaya a nan a tattauna. Shirun matashiyar ba laifi ba ne. Karin Magana 15:1 ta ce amsa mai taushi takan kwantar da hasala, sau da yawa kuma rufe baki ya fi buɗe shi. Hausawa ma sun ce baki shi ke yanka wuya. Sai dai shiru ba ya warkar da ciwo. Lura kuma da abin da dattijuwar ta yi: ba ta yi mata wa'azi ba, tambaya ta yi har aka kai ga tushen abin. Da yawa daga cikinmu manya ba mu da wannan haƙuri, kafin yarinya ta rufe baki mun jefa mata aya uku.

Bitrus

Akwai wani a Littafi Mai Tsarki da ya kamata mu tsaya a kansa. A daren da aka kama Yesu, Bitrus yana zaune a farfajiyar gidan babban firist. Mutane suka ce masa lalle shi ma ɗaya ne daga cikin almajiran Yesu, don irin maganarsa ta tona shi. Mutumin Galili ne, harshensa ya nuna. Mu mutanen Jos mun san wannan sarai. Ana Hausa ɗaya a Terminus, amma da mutum ya buɗe baki sai ka ji Birom ne, ko Angas, ko Tarok, ko Bakano. Bitrus ya ji tsoro. Matiyu 26:74 ta ce ya shiga rantsuwa da la'ana, yana cewa bai san mutumin ba. 'Yan sa'o'i kafin nan shi ne yake bugun ƙirji cewa ko kowa ya gudu, shi ba zai gudu ba.

Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Tibariya, suka sake haɗuwa. Karanta Yahaya sura 21 ka ga abin mamaki. Yesu bai ce, "Bitrus, daga yau ka iya bakinka" ba. Sau uku ya tambaye shi abu ɗaya: kana ƙaunata? Zuciyar ya nufa. Ba a jima ba, a ranar Fentikos, wannan bakin da ya yi la'ana ya miƙe ya yi wa'azi a Urushalima, mutane wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Labarin yana Ayyukan Manzanni sura 2. Harshen Galilin yana nan yadda yake, abin da ya cika mutumin ne ya sāke.

Shi ya sa Yakubu 3:8 ta ce ba ɗan Adam da zai iya sarrafa harshe. Ba don mu fid da zuciya aka rubuta ba, don mu san cewa ƙoƙarin kanmu kaɗai ba ya isa, sai Ruhu Mai Tsarki ya yi aiki a ciki. Yakubu ya yi mamakin yadda da baki ɗaya muke yabon Allah, da shi kuma muke zagin mutanen da aka halitta cikin kamanninsa. Bai ce 'yan cocinmu kaɗai ba. Mutane ya ce.

Waya ma baki ce

Garin nan ya sha wuya. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun cinye rayuka da gidaje na Kirista da na Musulmi, sun raba unguwanni da maƙwabtan da suka tashi tare. Dalilan rikicin suna da yawa, ba na wannan darasi ba ne. Amma wanda ya gani ya san aikin da "an ce" ta yi. An ce suna zuwa. An ce sun kashe wane. Kafin a tabbatar, matasa sun fito.

Yanzu da kake koyon karatu, saƙonni za su riƙa shigo maka ta WhatsApp, wasu da murya, wasu a rubuce, wasu har da "tura wa mutum goma". Abin da ka tura, kai ka faɗa. Kafin yatsanka ya danna, tambayi kanka wa ya gani da idonsa, kuma yaushe abin ya faru, don tsohon hoto yakan dawo da sabon labari. Sai tambaya mai wuya: me ya sa nake jin daɗin tura wannan? In amsar ita ce don ya nuna waɗancan mutanen miyagu ne, to ka gano abin da yake kwance a zuciyarka. Gargaɗi na gaskiya yana da wurinsa. A kai shi ga fasto, ko mai unguwa, ko jami'an tsaro, waɗanda za su iya bincikawa.

Abin yi a wannan mako

Karin Magana 4:23 ta ce ka tsare zuciyarka fiye da kome, don daga cikinta rai yake ɓuɓɓugowa. Tsaro yana farawa da sanin abin da yake shiga. Wanda yake kwana da hirar tsegumi ya tashi da ita, kada ya yi mamaki in ta fito. Da dare, kafin ka kwanta, tuna magana ɗaya da ka yi yau wadda ba ka so a maimaita a gaban ikkilisiya. Kada ka tsaya a kan "ban kyauta ba". Tono ƙasa: tsoro ne, ko kishi, ko tsohon ciwo, ko yunwa da gajiya kawai? Faɗa wa Allah sunan abin. In akwai wanda ka ɓata wa rai, je ka same shi. "Baba, ka yi haƙuri, na yi maka laifi" ta isa. Kada ka ƙara da "amma kai ma".

Aikin aji

1. Buɗe Littafi Mai Tsarki ka nemo Zabura 141:3. Lambar farko sura ce, ta bayan ɗigo biyu aya ce. In naka tsohuwar fassara ce, za ka ga Matta a maimakon Matiyu, Yohanna a maimakon Yahaya, Misalai a maimakon Karin Magana. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wata fassara ta fito a 1980, shi ya sa na kakarka da naka ba su zama ɗaya ba.

2. Kwafi waɗannan a littafinka, ka kula da ƙugiyar haruffa: ƙarya, ƙauna, ɗaci, ɓacin rai, haƙuri, gaskiya.

3. Me dattijuwar take nufi da ta ce, "Ashe ba shiru kika yi ba, tarawa kike yi"? Amsa da baki tukuna, sa'an nan ka rubuta jimla ɗaya.

4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai saye da ya ce an cuce shi a awo, ɗaya ya zama mai sayarwa. Ku yi sau ɗaya yadda aka saba a kasuwa, ku sake yi bayan an karanta Afisawa 4:29.

Aikin gida: rubuta Zabura 19:14 da hannunka a ƙaramar takarda, ka zo da ita mako mai zuwa. Wanda bai gama haddace haruffa ba, wani a gida ya rubuta masa da fensir, shi kuma ya bi sawun da biro.