Kurakuran da 'yan uwanmu ke ta maimaitawa a Giranada ta ƙasar Sifaniya

Kusan duk shekara sai wani ya kira ni daga Madrid ko Malaga ya ce, "Yallaɓai, gobe muna Giranada, a ina ake yankan tikitin Alhambra?" Da na ji kalmar "gobe" sai gabana ya faɗi, don na san abin da zai biyo baya. Na gaji da ba da amsa ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tikitin Alhambra ba a nemansa ana gobe za a shiga. Wannan fada da Muhammad ibn al-Ahmar, wanda ya kafa sarautar Banu Nasr, ya fara ginawa a 1238, mutum fiye da miliyan biyu ke shigarta a shekara, kuma hukumar da ke kula da ita ta ƙayyade adadin masu shiga kowace rana. A Afrilu da Mayu da lokacin dogon hutu, tikiti kan ƙare saura makonni. Ni dai ba na biyan kuɗin jirgi ko masauki sai tikitin Alhambra ya shigo hannuna, sauran tafiyar a kansa nake ɗora ta. A shafin hukumar kanta nake saya, ba a shafukan 'yan kayi-na-yi da ke kwaikwayonsa suna ƙara kuɗi ba. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, saboda haka ka riƙe fasfon na ainihi, kada ka bar shi a otal ka dogara da hoton da ke waya.

Amma ba wannan ne ya ƙona mini rai ba. A jikin tikitin akwai lokaci, kuma mutane da yawa suna zaton lokacin isa bakin ƙofar Alhambra ne. Ba haka ba ne. Lokacin shiga fadojin Banu Nasr ne, can ciki, kuma daga babbar ƙofar sama zuwa wurin tafiyar kusan minti ashirin ce ga mai ƙafa lafiya. Zuwana na farko tare da mahaifina na je, mutumin da ya yi shekaru yana karantar da Larabci, wanda tun muna yara yake ba mu labarin Andalus. Tikitinmu na ƙarfe goma ne. Muka isa ƙofar sama goma saura biyar, ina ganin mun yi sammako. Baba yana fama da gwiwa, kowane ɗan taku sai ya dafa ni ya huta. Ko da muka kai layin, lokacinmu ya wuce. Ma'aikacin ya duba tikitin ya girgiza kai. Na roƙa, na nuna masa furfurar Baba, amma dokar ba tasa ba ce, kuma laifin nawa ne da ban karanta takardar da ke hannuna ba. Na duba waya, babu sauran tikiti a makon gaba ɗaya. Baba ya ce, "Bar shi, haka Allah ya so." Bai sake zuwa Sifaniya ba.

Don haka duk wanda ya ce mini "ai za su yi mana uzuri", raina ɓaci yake. Ba za su yi ba. Ka isa da rarar awa guda. In ka hau da ƙafa daga dandalin Plaza Nueva ta hawan Gomérez, ka shiga ta Ƙofar Shari'a, wadda Sarki Yusuf na ɗaya ya gina a 1348, ta fi kusa da fadojin nesa ba kusa ba. In kana tare da dattijo, ku hau ƙaramar bas mai lamba C30, kada ku gwada hawan nan. Ni fadojin nake fara shiga, ganuwar Alcazaba da lambunan Generalife su biyo baya, tunda su ba su da ƙayyadadden lokaci.

In ka shiga kuma, don Allah ka sauke wayar nan. Mu da muka yi makarantar allo muna da abin da yawancin baƙin ba su da shi: muna iya karanta bango. "Wa la galiba illallah" yana ko'ina, a kan filasta da tayil. A farfajiyar zakuna, inda zaki goma sha biyu na marmara ke ɗauke da kwanon ruwa a tsakiyar ginshiƙai 124, baitocin Ibn Zamrak ne aka sassaƙa a gefen kwanon. Na sha ganin ɗalibin da ya haddace Alƙur'ani ya wuce su yana neman inda hotonsa zai fi kyau.

Sai abinci. A Giranada in ka sayi abin sha, ko lemo ne, sai a haɗo maka da ɗan faranti kyauta, wanda suke kira tapas. Al'ada ce mai kyau, amma ba kai kake zaɓa ba a wurare da yawa, kuma naman alade ne gimshiƙin girkin yankin. Kada ka ce mini "bai yi kama da alade ba". Yana ɓuya a cikin miyar wake, a cikin 'yan curin nan soyayyu da ake kira croquetas, har kayan zaƙi irin mantecados da kitsensa ake yi. Tun kana odar abin shan ka ce "sin cerdo, sin jamón". Wato ban da alade, ban da jamón, busasshen naman cinyar alade. Duka biyun nake faɗa, don na taɓa cewa ban da alade aka kawo mini wake da yankakken jamón a sama. Ni kifi nake nema, ko soyayyen gauta da zumar rake. Wanda ba ya son wannan jan magana ya nufi titin Elvira ko Calderería Nueva, inda gidajen abincin halal da na shayi suke jere.

Ƙananan kuma: abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai wajen tara, ƙananan shaguna a rufe suke tsakanin biyu da biyar. Garin yana gindin duwatsun Sierra Nevada, sanyin Janairu ba wasa ba ne, ka zo da rigar sanyi ta gaske. In mace ta miƙo maka ɗan reshen ganye a kusa da babban coci, kada ka karɓa, kuɗi za ta nema. Unguwar Albaisin duk tsakuwa ce da matakala, takalmi mai santsi da akwati mai taya wahala ne.

Abin da nake yi wa mutanenmu faɗa a kai shi ne zuwan yini guda. A zo da safe, a tsaya a yi jimamin ranar 2 ga Janairun 1492 da Abu Abdullahi, sarkin Banu Nasr na ƙarshe, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista Fadinan da Isabela, a ɗauki hoto, la'asar a koma Malaga. Me ka gani? Madarasar da Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349 tana nan a tsakiyar gari. Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na 14, yana nan, kuma duk wanda ya san zango zai gane shi da kallo ɗaya. A garin nan aka haifi Hasan al-Wazzan, wanda ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir a littafinsa na bayanin Afirka. Daga nan Abu Ishaƙ al-Sahili ya fito, wanda ya bi Mansa Musa zuwa Mali. Garin kuma ba kufai ba ne. Baƙi da jami'ar da aka kafa a 1531 su ne ke riƙe da kasuwarsa, kuma mai yini guda ba ya barin komai sai cunkoso. Ka kwana biyu. In za ka sayi tsaraba, tsohuwar kasuwar siliki ta Alcaicería, wadda ta ƙone a 1843 aka sake gina ta, yawancin kayanta na waje ne. Ni wurin masu aikin katako na taracea nake zuwa, inda zan ga mutum a zaune yana jera ƙananan gutsattsarin da hannunsa. In ka sauka a Albaisin, ka tuna mutane ne ke zaune a gidajen nan, kuma hayar baƙi ta riga ta tsawwala musu kuɗin gida. Ka rage murya da dare.

Kada ka shimfiɗa darduma a cikin Alhambra. Akwai masallaci a saman Albaisin, an buɗe shi a 2003, dab da dandalin San Nicolás inda jama'a ke cincirindo don kallon faɗuwar rana. Lambun masallacin yana kallon Alhambra ɗin nan dai, kuma ya fi natsuwa. Can na kai Baba da yammacin ranar da muka rasa shiga. Ya zauna yana kallon jan bangon har aka kira magariba.